Kukan Benli a Ƙofar Gida

Halliru bai ko dubi fenti ba. Ya tsaya a rumfar Hammawa bakanike a Rogo, ya juya wa wasu babura uku baya, ya ce a tayar masa da su ɗaya bayan ɗaya.

Hammawa ya yi dariya. Ya daɗe yana tara tsofaffin Honda Benli yana gyarawa, amma bai taɓa ganin mai sayen babur da kunne ba. Duk da haka ya yi wa dattijon bayani. Na farko Rodmasta ne, autansu, yana da sitata, ga gudu. Na biyu mai lamba 185, ba ya shan mai. Na uku kuwa 175 ne, tsoho tukuf, tankinsa da farin ƙarfe a gefe da roba a wurin gwiwa. Sai an yi masa kik, kuma kayan gyaransa sun yi wuya.

"Baba, ɗauki Rodmasta ka huta. Wancan ƙafarka ba za ta iya da shi ba."

"Tayar dai," in ji Halliru.

Abin da ya kawo shi ba na dariya ba ne. A Yammedi ta ƙasar Karaye akwai wata tsohuwa, Barira, wadda tsufa ya taɓa wa tunani tun damunar bara. Kullum da la'asar sakaliya takan yi wanka, ta sa kwalli, ta rufe tuwo a akushi, ta zauna a bakin ɗaki tana sauraron hanya. Mijinta take jira. Macen kulle ce tun asali, ba ta ganin dawowarsa, jinta take yi: kukan Benli tun daga gindin tsamiya, a murɗa sau biyu a ƙofar gida, sannan a kashe. Kuma tunda take ba ta taɓa kai loma baki kafin maigida ya dawo ba.

To, wancan babur ya daɗe da shiga hannun 'yan gwangwan. Kukan ba ya zuwa, ita kuma ta ƙi cin abinci, sai ruwan koko da lallashi. Ta rame har awarwaronta na zamewa daga hannu.

An gaya mata gaskiya ya fi a ƙirga. Takan saurara, ta gyaɗa kai, can kuma ta ce, "Yau ya yi yamma a kasuwa." Ko sunansa ba ta faɗa, kunya irin ta matan da, sai dai ta ce "shi".

Halliru ne ke shigar mata da fura kullum. Da ta gan shi sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "An gode, bawan Allah, ajiye nan." Ya taɓa aro wani babur mai salansa ɗaya ya murɗa mata a ƙofa. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce wannan na 'yan acaɓa ne.

Hammawa ya danna sitata, Rodmasta ya tashi. Halliru ya girgiza kai. Aka tayar da na biyu, ya saurara, ya ce ya kusa, amma muryarsa ta yi siriri. Na uku kuwa ya ƙi tashi ƙememe, Hammawa ya yi ta kik har gumi ya jiƙa masa riga.

Halliru ya ce ya matsa. Ya sunkuya ya taɓa wani abu a ƙarƙashin tanki, ya taka kik a hankali sau biyu, a na uku ya sakar masa nauyinsa. Babur ya ɗauka da wata murya mai kauri, salansa biyun suna amsa wa juna. Dattijon ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa cikin gemu.

"Shi ne," ya ce.

Kuɗin sansa na huɗa guda ya tafi a cinikin, bai ko yi tayi ba. Ya kamo hanyar Karaye a hankali, zuciyarsa cike da tsoro.

Rana ta yi ja lokacin da ya iso tsamiya. Ya rage giya, ya tsaya a ƙofar gida, ya murɗa sau biyu, ya kashe.

Sai ga takun ƙafa. Barira, wadda ko banɗaki sai da sanda, ta fito har soro, fuskarta a buɗe, tana murmushin da aka daɗe ba a gani ba. Ta shafa tankin. Ta leƙa bayan Halliru, ta leƙa hanya. Sannan ta dube shi, ta ja mayafi.

"Bawan Allah, wannan ai babur ɗinsa ne. Shi yana ina?"

Halliru ya sauko daga kan babur ɗin.

"Yana nan tafe. Ya ce ki ci, kada ki jira shi."

"To, tunda shi ya ce."

Ta juya ciki da sauri. Halliru ya zauna a kan dakali yana kuka, yana jin matarsa ta shekara hamsin tana buɗe akushin tuwon da ta ajiye masa.