Ɗan da Tunkiya Ta Bari

A zamanin nan kowane gida a Dambatta na kiwon dabbar da likitoci suka daidaita da jinin maigida, don ranar da wani sashe na jikinsa zai gaza. Ta Malam Tasi'u tunkiya ce. Tana cikin shayarwa ciwo ya kayar da shi, aka cire zuciyarta aka dasa masa. Tun daga ranar ɗan ragon da ta bari ya daina bin kowa sai shi.

Da ya koma asibiti, likitar ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa.

"Baba, jikinka ya fara ƙin zuciyar nan," in ji ta. "Amma kada ka damu. Ba ta bar ɗa ba? Ai jininsu ɗaya. A kula da shi sosai, zuwa baɗi zai isa."

Malam Tasi'u ya yi mata godiya, bakinsa kamar ya tauna maɗaci.

Yana zama a kan tabarma a gida, ɗan ragon ya rugo, ya kwantar da kai a ƙirjinsa, ya lumshe ido yana sauraron bugun da ya sani.

"Malam, me likita ta ce?" matarsa Gaje ta tambaya daga madafa.

Ya ɗaga hannu zai shafa kan ɗan ragon, hannun ya tsaya.

"Cewa ta yi a ƙara masa dusa."