Gaisuwar da Ta Zo a Motar Albasa

Malama Asabe, zauna tukuna, alli ba zai gudu ba. Na leƙa ajinki ɗazu na ga bitar da kike yi wa 'yan aji uku kafin jarrabawa. Allo ya cika fal, ga jigo, ga salo, ga tauraron labari, ga zubi da tsari, yara suna ta rerawa har na waje yana ji. Na tambayi wata yarinya a bakin taga ko labarin ya yi mata daɗi, sai ta ce ai ba su karanta ba, Malama ce ta taƙaita musu. Ban ga laifinki ba, lokaci ya ƙure, littattafan kuma ba su isa ba. Amma raina ya sosu, don ni har yau da furfurata ina kewar ranakun da malaminmu yake janyo ƙofa ya karanta mana labari, a kaɗa ƙararrawar tashi babu wanda ya motsa. Bari in ba ki wani misali.

An yi wani mutum da ya bar ƙauyensu yana saurayi, ya gangara Kurmi ya kama sana'ar wankin hula. Uwarsa ta rasu tun yana goye, yayarsa ce ta raine shi, ita ta yaye shi da kunu, ita take cire masa ƙaya a ƙafa. Zamanin kuwa babu waya a hannun kowa. Duk ranar da motocin albasa suka sauko daga Arewa, sai ya shanya hulunansa a rana ya ruga tasha neman direban yankinsu. Tambayarsa ba ta sauyawa, amsar ma haka: tana nan lafiya, tana gaishe ka. Wani lokaci a ƙara masa da ɗan labari, ta aurar da 'yarta, rufin ɗakinta ya yi yoyo an gyara, akuyarta ta haihu. Ya bi ya haddace su tsaf, in ana hira sai ki rantse jiya ya baro garin. Kewa kuwa tana cinsa, ko ƙanshin daddawa ya bugi hancinsa sai ya ajiye burushi. Sai dai sana'ar tasa ta yi masa tarko. Lokacin da kowa yake tafiya gida shi ne Sallah, Sallah kuwa ita ce kakar mai wankin hula, ranar da huluna suke tarar masa har ba ya ganin ƙofa. In Sallah ta wuce ya ce bari ya huta ya tafi, sai mota ta sauka, a ce masa tana lafiya, tana gaishe shi. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, ya ce to, baɗi in Allah ya kai mu. Haka baɗi ta yi ta haihuwar baɗi.

Direbobin nan ba su taɓa yi masa ƙarya ba. Abin da ba su faɗa ba shi ne yadda gaisuwar take fitowa. Yayar tasa takan tako har bakin hanya ranar lodi, ta riƙe hannun rigar direba, ta yi ta tambaya: ya yi ƙiba ko ya rame, ya ajiye gemu, da wa yake kama yanzu, da babansu ko da kawunsu? Sai an tayar da mota take sakin rigar, ta ce a gaishe shi, muryarta tana rawa. Direba yana sauri kada kaya su ruɓe, ga doguwar hanya, kafin ya isa duk wannan ya tsane, saura kalma uku. Kuma babu wanda ya kawo a ransa cewa tambayar kamannin nan da take yi, don yanar ido ce take rufe mata gani a hankali. Mace tana ci, tana tafiya, tana dariya, wa zai ce ba ta da lafiya?

Ranar da Allah ya nufa ya zo, kansa ya riga ya yi fari. Ya tarar da ita a ƙofar ɗaki tana tsince wake da lalube. Sallamarsa kaɗai ta ji ta gane shi. Ta ɗago kai tana murmushi, amma idonta gefensa yake kallo. Ya durƙusa, ta kai hannu ta shafa goshinsa, ta bi kumatu, ta tsaya a gemu ta daɗe. Sannan ta ce, “Da bara waccan ka zo, da na gan ka ko dishi-dishi ne.” Ya ce, “Yaya, kullum ce mini ake yi kina lafiya.” Ta ce, “Lafiya lau nake, ƙanena. Ganinka kawai na so yi.” Ya zauna nan ƙasa yana kuka kamar ranar da ta yaye shi, ita kuma tana ba shi haƙuri.

To, 'yata, taƙaitawarki gaskiya ce, babu kuskure ko ɗaya a allon nan, kuma za su ci jarrabawa da ita. Amma yaran nan bana za su fita, kin kuma san akwai waɗanda daga nan ba za su sake riƙe littafin labari ba har abada. Za su tafi da sunan jigo da sunan tauraro, ba su taɓa jin muryarsa tana rawa ba. Gobe ki bar allon ya huta, ki buɗe littafin ki karanta musu ko babi ɗaya ne, su ji da kunnensu, sannan ki tambaye su jigo ki ga ko sai kin ja musu layi. Tun kafin a haife mu Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi saƙo.