Manomin Albasa da Datar Kwana Talatin

Tunda ka ce tafiya ta kama ka zuwa ƙasar waje, kana ta juya waya ka rasa datar da za ka saya, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomin albasa a bakin fadama wanda Allah ya nufa da zuwa Umara, tafiyar mako uku. Lokacin kuwa albasarsa ta fara ƙosawa. Ita albasa akwai ranar da ake yanke mata ruwa: in ganyenta ya karya wuya ya kwanta, sai a daina ban ruwa a bar ta ta sha iska. In aka ci gaba da ba ta, ko an cire ta da kyau, ruɓewa take yi a wurin ajiya, wahalar rani guda ta tafi a banza. Ba shi da wanda zai bar wa gonar sai ƙaninsa, shi kuwa tela ne, ya san allura bai san albasa ba, kuma a ganinsa duk shukar da ake ƙauna ruwa ake tula mata. Suka shirya cewa kullum da hantsi tela zai ɗauki hoton fangali ɗaya ya aika masa, shi kuma ya duba ya faɗi abin da za a yi. Ana jibi tafiya, manomi ya shiga gari tare da abokin tafiyarsa, wani mahauci mai yawan raha, suka je shagon waya neman datar da ke aiki a can. Mai shago ya jera musu iri uku. Akwai babba mai tsada, kuɗinta ya kai na buhun taki. Akwai wata mai yawa ga araha, amma kwana bakwai take yi ta mutu. Sai wata 'yar ƙarama, ba ta da yawa, ba ta da tsada, amma tana kai kwana talatin. Mahauci ko zama bai yi ba ya ce a sa masa mai yawan nan ta araha. Manomi ya yi lissafin kwanaki da yatsu. Ya tambaya ko 'yar ƙaramar za ta ɗauki hoto ɗaya da saƙon murya ɗaya kullum har ya dawo. Mai shago ya ce har da saura, in dai an rufe sauran abubuwan da ke shan data a ɓoye. Manomi ya miƙa wayar ya ce a toshe su duka, kamar yadda yake toshe ɓarakar kwata da laka. Mahauci ya yi dariya har da dafa kanta, ya ce, “Malam, har ƙasa mai tsarki za ka tafi da rowa?” Manomi ya ce masa shi dai bai taɓa ganin ambaliyar kwana ɗaya ta raini albasa ba.

Da suka sauka, mahauci ya buɗe wuta. Ya kira gida ana ganin fuska, ya nuna musu masauki, ya nuna musu tantabaru, ya nuna musu raƙumin da aka rataye a wata mahauta yana faɗin yadda shi zai fi su iya fiɗa. Duk da haka ko rabin datar bai sha ba wa'adinta ya cika. Ran na takwas ya tashi ya tarar waya ta zama madubi. Manomi kuwa sau ɗaya yake kunna tasa, bayan ya dawo daga masallaci. Ya duba hoto, ya ga ganye tsaye kore shar, ya ce a ƙara ruwa, ya gai da iyali, ya kashe, ya koma ibadarsa da zuciya a kwance. Da mahauci ya zo yana sosa ƙeya, manomi ya ara masa tasa ya ce, “Saƙo ɗaya, Sarkin Fawa, kuma ban da ‘ina gajiya’ sau bakwai.” Haka suka riƙa yi, mutum biyu a kan 'yar datar nan, ba ta ƙare ba. Ran kwana na goma sha bakwai hoto ya zo, manomi ya kawo shi kusa da ido, ya ga ganye ya karya wuya ya kwanta a gefen fangali. Tare da hoton ga muryar tela a ruɗe, yana cewa albasa ta fara laushi, ƙishi ne ya kama ta, ya riga ya ɗauko inji zai cika fangulan taf kafin azahar. Manomi ya danna waya ya ce, “Kada ka kuskura. Naɗe tiyo, ka mayar da inji gida. Ba ƙishi ba ne, nuna ce ta yi.” Saƙo ya isa tela yana riƙe da igiyar tayar da inji. Ya sake ta.

Manomi ya dawo ya tarar da ƙasa ta bushe, albasa ta yi jajir, ɓawonta na ƙara in an taɓa. Aka cire, aka shanya, aka ajiye, ta kai har tsakiyar damina ba wadda ta yi ruwa. Ya aika wa mahauci kwando guda, shi kuma ya rama da cinyar rago.

To ka ji. Kafin ka tambayi yawanta, ƙirga kwanakin tafiyarka, ka san abin da ba za ka iya rasa ji daga gida ba. Ai dama Hausawa sun ce, sannu-sannu kwana nesa.