Gayyar Mai Lissafi

Zauna nan, Bilyaminu. Tun da aka ba ni kula da ƙungiyarku ta ɗalibai masu koyon kasuwanci, ban taɓa jin shirin da ya motsa ni kamar wannan da ka kawo ba. Baje koli a filin makaranta, rumfar tsire, rumfar zoɓo da kunun aya, gwanjon kayan da ɗalibai suka ɗinka da hannunsu, abin da aka samu kuma a buɗe ɗan shagon da kuka daɗe kuna buri. Wallahi har na fara jin ƙamshin tsiren! Ka kuma san abin da shugaban makaranta ya ce: in filin nan ya sake zama fayau ranar taronku kamar bara, zai karɓe ɗakin ƙungiya ya ba wasu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na ji ka hana mutanenka zuwa kallon 'yan wasan kwaikwayo da 'yan ƙwallo, wai ɗan kasuwa ba ya zuwa inda babu riba. To, malam ɗan kasuwa, saurari wannan.

An yi wani manomi, saurayi majiyi ƙarfi, mai kaifin lissafi, irin wanda ko gaisuwa zai yi sai ya auna ribarta. Wata shekara ya ari ƙatuwar gona ya shuka gero tun daga bakin hanya har rafi, da niyyar in ya girbe ya sayi shanun huɗa. Duk wanda ya kira gayya a ƙauyen, a taru a taya shi noma, sai manomin nan ya ce yinin da zai yi a gonar wani asara ce ga tasa. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ɗaukar jinka. Sai damina ta kankama, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ciyawa ta taso ta shaƙe geron har ba a gane shuka. Ya ga hannayensa biyu ba za su iya ba, ya ce shi ma gayya zai kira, irin wadda ba a taɓa gani ba. Ya aika da goro gida-gida, ya yanka bunsuru, aka dama fura ƙwarya-ƙwarya, ya ɗauko makaɗin noma mafi zaƙin hannu daga wani gari. Ranar gayya makaɗi ya kama ganga tun da hantsi, kiɗa yana tashi har bayan rafi. Manomi yana tsaye bakin hanya yana hange, yana gyara hula. Rana ta take, fura ta fara tsami, ban da ƙudaje ba wanda ya amsa gayyar. Makaɗi ya sauke ganga, ya share gumi, ya ce, "Maigida, ganga tuna wa mutum zumunci take yi, ba ta ƙulla shi. Kai gonar wa ka taɓa shiga?"

Maganar ta soke shi, kunya ta rufe shi, amma dai ba wawa ba ne. Washegari ya ji kiɗa a gonar wani dattijo, ya saɓa fartanya ya tafi ba wanda ya kira shi. Mutane suka bi shi da kallo, wasu har da 'yar dariya. Ya sunkuya ya kama noman kunyar shuka guda, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshenta. Daga ranar, da safe yana fama da tasa ciyawar, da rana duk inda aka taru yana can. Aka gan shi ƙarƙashin jinka, aka gan shi a suna yana raba tabarmi, aka gan shi yana taya wata tsohuwa gyaran danga. Da lokacin maimai ya zo, wato noma na biyu, geronsa ya yi rawaya, saura ƙiris ya tafi. Ba shi da bunsuru kuma, ba shi da na makaɗi. Bayan sallar asuba kawai ya ce wa jama'a gobe yana neman hannu. Kai, Bilyaminu, da ka ga hanyar gonar nan washegari! Samari sun jero da fartanyu a kafaɗa, dattijon nan ya zo da 'ya'yansa duka, tsohuwa ta turo kunu a tulu, wani ya ɗauko gangarsa kyauta. Aka shiga gona ana ihu ana kirari, wannan na neman tsere wa wancan, manomi yana tsakiya yana dariya hawaye na zuba. Kafin la'asar ba sauran ciyawa, geron ya sha iska ya miƙe.

Saboda haka ka buga takardun tallanka, ka ɗauko lasifika, ka sa a soya duk abin da za a soya, ina bayanka. Amma gobe 'yan wasan kwaikwayo suna da wasa, ku je ku cika sahun gaba, ku fi kowa tafi. Ranar Asabar ku kai wa 'yan ƙwallo ruwan sanyi, in an tashi ku taya su kwashe kujeru. Ni ma zan sa babbar rigata in bi ku. Tashi maza ka tara mutanenka ka janye dokar nan, don Hausawa sun riga sun gama magana: zumunta a ƙafa take.