Inuwar Ƙane

Yayan nan mugu ne, ba wani kwana-kwana. A shagon kekuna ya zaɓi fitila mafi haske, ba don hanyar daji ba, sai don ya wulaƙanta ƙanensa.

Mai shago ya ce, "Malam, mai irin wannan fitila gaba yake shiga. In ka bi bayan mutum, inuwarsa za ta rufe masa hanya."

"Abin da nake so ke nan!"

Da dare yayan ya hau kekensa, ya manne wa keken ƙanen ta baya yana dariya. "Taka mana, malalaci! Ko ka makance ne?"

Ƙanen ya daina ganin komai sai inuwar kansa, ya kauce gefe. Ashe rami inuwar ta rufe.

A ciki yayan ya bar haƙoran gabansa.