Zuga-zugin Mai Kifi

Na ji an raba abu an tsallake ka, kuma na ga har yanzu abin yana cin ranka. Gyara zama in ba ka labarin wani mai kiwon kifi.

Mutumin nan kududdufi gare shi a bayan gari, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini, mai zurfi, a gindin wani tudu. Bijiminsa na huɗa ya sayar, ya sayo 'ya'yan karfasa ya zuba a ciki, ba shi da wani abin dogaro sai su. Duk mai kiwon kifi kuwa ya san halin bazara. Idan zafi ya tsananta, ruwa ya kwanta shiru ba motsi, sai numfashin cikinsa ya ƙare, ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki. Wata shekara ƙungiyarsu ta masu kiwon kifi ta samo injunan hura iska cikin ruwa, masu shan fetur, amma ba su kai yawan mutane ba, sai aka yi ƙuri'a. Ta faɗa kan maƙwabcinsa na gabas, ta faɗa kan na yamma, shi ta tsallake shi. Ya yi wa kowa barka a fatar baki, ya koma gida. Kullum ya je bakin ruwansa sai ya ji injunan maƙwabta suna ruri, nasa kifin kuwa sun fara leƙowa sama.

Ran nan ya kai gyaran fartanya wurin wani tsohon maƙeri. Yana zaune yana kallon yadda zuga-zugi ke hura gawayi har ya yi jawur, sai ya ce, "Baba, abin nan da ke hura wuta, ba zai hura ruwa ba?" Tsoho ya ci gaba da dukan ƙarfensa, can ya ce, "Zai hura mana, in ka samo mai zugar da ba ya gajiya." Mai kifi ya fito yana juya maganar. A hanyar gida ya bi ta kan tudun nan, iska ta fizge masa hula, ya bi ta da gudu. Yana sunkuyawa zai ɗauka sai ya tsaya cik. Iska tana kaɗawa a sama ba dare ba rana, ramin nasa ne kawai ba ta sauka ciki.

Shi da tsohon suka tsaga tsohuwar gangar mai gida biyu, suka kafa ta a kan tudun bisa doguwar sanda a kan gindin wilin keke, yadda ko ta ina iska ta zo sai ta juya ta. Suka haɗa ta da fedar keke, feda kuma ta riƙa danna zuga-zugin fatar akuya. Matar mai kifi ce ta ɗinke fatar, ta shafe ɗinkin da danƙo. Suka jona tiyo a bakin zuga-zugin, suka jawo shi daga kan tudu, suka ɗaura masa dutse ya nutse har ƙasan ruwa. Na farkon da suka kafa, guguwa ta tumɓuke shi ta yar a gonar wani. Na biyun fatar ta fashe. Masu wucewa suka raɗa wa abin suna majaujawa, wasu har tsayawa suke yi su tambaye shi ko ya koma wasan yara ne. Da suka sake kafawa, gangar ta yi ƙara, ta juya, ta sake juyawa, sai ga kumfa tana ɓulɓulowa daga tsakiyar ruwa. Ranar da iska ta ɗauke kuwa, shi da matarsa suke karɓeɓeniya suna juya fedar da hannu har tafukansu suka yi kanta.

Ana tsakiyar bazara fetur ya ɓace a ƙasar. Aka nema ko na ɗiga wa ido babu. Injuna suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya, kifin mutane ya soma juya ciki sama, wari ya cika bayan gari. Mai kifi ya tsaya a bakin kududdufinsa, gangar tana juyawa a bisa kansa, kifinsa suna ƙasa suna wasa cikin kumfa. Ya san da ƙuri'ar nan ta faɗa kansa, da ko kusa bai tsaya kallon zuga-zugi ba, da yau shi ma kwasar mushe yake yi. Nan ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa. Da ya ɗago sai ya ɗauki baho ya nufi wurin maƙwabta, ya ce duk mai sauran kifi da rai ya kawo a zuba a nasa har Allah Ya kawo ruwan sama. Suka yi ta jido shi da matarsa da masu kifin, har waɗanda suka yi masa dariya. Damina na faɗuwa ya mayar wa kowa abinsa, sannan ya zaɓi manyan karfasa ya cika kwando ya kai maƙera, ya durƙusa gaban tsoho yana godiya. Tsoho ya ce ya tashi, akwai aiki, ga ganguna can mutane sun jibge a ƙofa kowa yana jiran a tsaga masa tasa.

To ka ji. Ka kwantar da hankalinka, ba a banza Hausawa suka ce ba: wani hanin ga Allah baiwa ne.