Koren da Ke Bayan Murfi

Malamar asibitin ta shigo garejin da amsarta a shirye, kuma amsar a'a ce. Yayanta ya ce ba zai ba mai fentin garejin aurenta ba. Ya kuma yi umarni a mayar da tsohuwar motar mahaifinsu ruwan toka, domin masu saye a yanzu fari da baƙi da toka kawai suke nema.

Ta tarar an kankare motar tsaf, amma ba a fesa komai ba.

"Ba ka fara ba?"

"Hannuna ne ya ƙi, Malama," in ji mai fentin.

Ya buɗe murfin tankin mai, ya nuna mata bayansa, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Kore ne shar, irin na ranar da Baba ya shigo da motar gida. Sannan ya kara wani guntun ƙarfe da ya fesa a gefensa. Ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga bambanci ba.

"Kwana huɗu ina haɗa shi. Amma idan kin ce toka, toka zan fesa."

Ta dubi yatsunsa da suka rine. Tun rasuwar Baba, kowa maganar rabuwa da motar yake yi. Wannan ne kaɗai ya nemi asalinta.

"Yaya zai yi faɗa," ta ce a hankali.

"Na sani."

"To, fesa koren. Idan ta bushe, kai za ka tuƙa mu zuwa wurinsa. Ka dai wanke hannun nan."